Madugu Da Amanar Ayari: Daga Filin Jirgi Zuwa Shagon Dabino

Godiya da yabo sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya ƊakinSa mai alfarma alƙiblar masu sallah, Ya kuma sanya begensa a cikin zukatan bayinSa na gabas da na yamma. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a cikin shekarun nan Allah Ya sauƙaƙe tafiya ƙasa mai tsarki, musamman tafiyar umra, har ya zamanto da wuya wata ya wuce ba mu raka wani ayari da addu'a ba, daga Maradi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai. Mutum yakan biya kuɗinsa dunƙule ga kamfanin tafiye-tafiye, wanda muke kira ajans, a ce masa an haɗa jirgi da biza da masauki, da motar da za ta ɗauke shi daga filin jirgi, da motar ziyara. Mu kuma malamai mukan zaunar da maniyyata mu karantar da su ɗawafi da sa'ayi da aski, amma ba safai muke taɓa abin da ke faruwa a cikin mota ba, alhali kuwa a nan ne ibadar mutane da yawa take samun tasgaro, a nan ne kuma ake cin amana ba tare da wanda aka cuta ya sani ba. Wannan shi ne abin da muke son mu yi wa juna nasiha a kansa.

Kakanninmu, Allah Ya jiƙansu, idan sun yi niyyar gabas sukan yi sallama irin ta wanda ba ya sa ran komowa. Su bi ta ƙasar Cadi, su ratsa Abeshe da Junaina da Fashir da Ubayyid, su tsaya su yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira a ƙasar Sudan domin su ƙara guzuri, sa'an nan su isa Sawakin ko Bur Sudan su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani ya yi shekara 2 a hanya, wani 7, wani kuwa can ya tsufa ya bar zuriya. Abin da ya riƙe wannan tafiya mai wuya shi ne madugu. Shi ya san rijiyoyi, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a yada zango, shi ke ƙidaya mutane kafin a ɗaura kaya. Don haka Hausawa suka yi masa kirari da uban tafiya. Yau hanyar da aka yi shekaru ana binta jirgi yana cinye ta cikin abin da bai kai yini ba, amma madugu yana nan, sai dai sunansa ya koma jagoran ayari ko wakilin ajans. Nauyin da ke wuyansa kuwa bai ragu ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umarni ko mutum uku ne suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. To ina ga mutum 40 ko 50, mafi yawansu tsofaffi, waɗanda ba su jin Larabci, wasu ma ranar ce suka fara taka ƙofar jirgi?

Amanar madugu tana farawa tun jirgi bai sauka ba. Wanda jirginsa zai sauka Madina ba shi da matsala, domin zai ɗauki ihraminsa a Zul-Hulaifa, wurin da ake kira Abyar Ali, ranar da zai nufi Makka. Amma wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka kai tsaye, lalle ne ya san cewa jirginsa zai yi saiti da miƙati tun yana sama, ko dai Juhfa da ke kusa da Rabig ga wanda ya biyo ta arewa, ko Yalamlam ga wanda ya biyo ta kudu. Mafi yawan malamai suna ganin Jidda tana cikin da'irar miƙatai, ba ita ce miƙatin wanda ya zo daga nesa ba. Akwai waɗanda suka yi sauƙi, irin su Shaihu Abdullahi bin Zaid Al-Mahmud na ƙasar Ƙatar, suka ce mai zuwa ta jirgin sama yana iya jinkirtawa har ya sauka. Ba mu raina maganarsu ba, amma mutumin da ya tara kuɗi shekara da shekaru bai kamata a jefa umrarsa cikin saɓani ba saboda abin da ba shi da wuya. A mazhabarmu ta Imamu Malik, wanda ya wuce miƙati da niyyar umra ko hajji bai yi ihrami ba, ana neman ya koma. Idan kuwa ya yi ihramin a gaba, to yanka ya hau kansa. Sau nawa muka ga dattijo ya sauka Jidda da babbar rigarsa da hularsa, mayafan ihraminsa suna cikin jakar da aka auna aka zuba a cikin jirgi, domin ba wanda ya gaya masa tun a Yamai ya riƙe su a hannu? Kalma guda ce daga madugu, ba ta cin ko dala ɗaya, amma rashinta yana jawo wa talaka kuɗin rago.

Sai sauka. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, wanda aka buɗe a 1981, yana da tazarar kusan kilomita 100 daga Masallacin Harami. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin rumfunan nan masu kama da tantuna na ɓangaren alhazai ya san irin gajiyar da ke sauka a kan mutum a wurin: bai yi barci ba, ƙafafunsa sun kumbura, wayarsa ba ta da layin ƙasar, kuma yana cikin ihrami, ba a son ya yi jayayya da kowa. Idan aka ce masa mota tana jira, ya fito bai ga mota ba, bai ga wanda ya ɗaga takarda mai sunan ayarinsa ba, to an bar shi a hannun duk mai ƙaramar motar da ya fara kama masa jaka. Ya ku masu ajans, ku ji tsoron Allah. Motar nan ba alheri ba ne kuke yi wa maniyyaci, an biya ku kuɗinta tun a gida. Farkon Suratul Ma'ida umarni ne da cika alkawura, kuma malamai ba su ware alkawarin mota daga cikinsu ba. Tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai sauri da ake kira Haramaini, mai tasha a Makka da Jidda da cikin filin jirgin kansa da Madina, wanda ke cinye kilomita 450 da ke tsakanin biranen biyu cikin awa 2 da ƴan kai, inda babbar mota kan yi awa 5 ko 6. Duk wanda ya karɓi kuɗi da sunan jirgin ƙasa sa'an nan ya zuba mutane a mota, to bambancin kuɗin ba nasa ba ne, bashi ne a kansa har ya mayar.

Kada wani ya ɗauka maganar mota ƙarama ce. A hajjin 2024, watau 1445 bayan hijira, zafi a Makka ya haura digiri 51, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, suka ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin aikin hajji. Waɗannan bayin Allah mafi yawansu an kawo su ne da bizar ziyara, aka karɓi kuɗinsu, aka bar su ba tanti ba mota, suka yi ta tafiya a ƙasa cikin rana. Ƙasar Masar ta ƙwace lasisin kamfanoni 16 saboda wannan. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Idan mutum ya zo maka da farashin da ya fi na kowa araha nesa ba kusa ba, ka tambaye shi wace irin biza ce, kuma wace mota ce, tun kana cikin gidanka.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damunmu, watau ziyara da tsayawa shago. Za mu faɗi abin da idonmu ya gani, ba tare da ambaton sunan kowa ba. A wata umra da Allah Ya nufe mu da yi, an fitar da mu ziyara a Madina da hantsi. Da muka isa Masallacin Ƙuba, jagora ya tsaya bakin ƙofar mota ya ce minti 20, wanda ya makara a bar shi. Kafin tsofaffi su sauko, su nemi wurin alwala, su ajiye takalma, rabin lokacin ya tafi. Akwai wani dattijo manomi a cikinmu, wanda ya sayar da shanun nomansa ya yi wannan tafiya. Ya sallame raka'a biyu, ya ɗaga hannu ke nan zai yi addu'a, sai ga yaron mota yana taɓa masa kafaɗa. A cikin mota ya juyo ya ce mana: "Malam, ba ku ne kuka karantar da mu cewa sallah a nan ladarta kamar ta umra ba ce? To korar ta mece ce?" Muka ce: "Baba, yi haƙuri, wataƙila akwai wuraren da za a je da yawa." A Uhudu, inda Sayyidina Hamza da sauran shahidai suke kwance, ko sauka ba a bari wasu sun yi ba; daga tagar mota aka nuna dutsen. Sa'an nan motar ta karya ta shiga wani shagon dabino a bayan gari, aka kashe injin, aka kawo shayi da gahawa, kuma daga nan ba wanda ya ƙara duban agogo. Muka yi fiye da awa ɗaya da rabi. Muna kan hanyar komawa aka kira azahar, kafin mu isa an sallame a Masallacin Annabi (S.A.W.). Da za mu tashi daga shagon, mun ga mai shago ya ja jagora gefe da ƴar takarda a hannunsa suna lissafi. Kashegari muka ga irin dabinon nan a kasuwar cikin gari, kuɗinsa bai kai na shagon ba ko kusa.

Mun yi shiru ran nan, domin kunya da gudun fitina a garin Manzo, kuma har yau muna ganin shirun nan kuskure ne. Dattijon ya yi tambayar da ta dace, mu muka ba shi amsar da ba ta dace ba. Allah Ya gafarta mana.

To, mene ne hukuncin wannan? Da farko kada a fahimce mu a karkace: ciniki a tafiyar ibada halal ne. Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) cewa Ukaz da Majanna da Zul-Majaz kasuwanni ne na zamanin jahiliyya, da Musulunci ya zo sai sahabbai suka ji tsoron ko laifi ne su yi fatauci a lokacin hajji, sai Allah Ya saukar da aya ta 198 ta Suratul Baƙara Ya ɗauke musu wannan ƙunci. Dabinon Madina kuwa abin so ne, hadisin falalar ajwa yana cikin Buhari da Muslimu. Haka dillanci, sana'a ce ta halal wadda ƴan kasuwar Maradi suka fi mu saninta. Buhari ya buɗe babi a kan ladar dillali, ya ambaci Ibnu Sirin da Aɗa'u da Ibrahimu da Hasan cewa ba su ga laifinta ba. Wanda ya kawo wa mai kaya masu saye ya karɓi la'ada, bai ci haram ba.

Amma jagoran ayari ba a matsayin dillali aka ɗauke shi ba. Shi ɗan ijara ne na maniyyata, su suka biya shi, wakilinsu ne, kuma wakili amintacce ne a shari'a. Dillalin kasuwa kowa ya san dillali ne, mai saye yana buɗe idonsa. Shi kuwa jagora, tsohuwa tana kallonsa kamar ɗanta, idan ya ce nan ne dabino mai kyau, nan ne mai araha, ba za ta taya ba. Malamanmu na Malikiyya suna da suna ga irin wannan mai saye, suna kiransa mustarsil, watau wanda ya sallama kansa ga mai sayarwa domin bai san farashi ba. Sun ce cutarsa haramun ne, kuma yana da damar mayar da kaya idan ya gane. La'adar da mai shago ke bai wa jagora ba daga aljihunsa take fita ba, a kan kilon tsohuwa ake ɗora ta. Ga shi kuma ya tabbata Manzon Allah (S.A.W.) ya hana a tare ayari a bayan gari a yi ciniki da su tun ba su isa kasuwa sun ga farashi ba. Hadisin yana magana ne a kan masu kawo kaya, amma dalilin hanin, watau cin gajiyar jahilcin baƙo, ga shi nan ƙuru-ƙuru a shagon da aka kai mutum tun bai san hanyar kasuwa ba.

Idan jagora ya ce ai kyauta ce mai shago ya ba ni, sai mu tuna masa labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (S.A.W.) ya aika karɓar zakka. Ya komo ya ware wani kashi ya ce wannan kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi faɗa, ya nuna cewa da ya zauna gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta same shi can. Kai ma jagora, ka shiga shagon nan kai kaɗai ba mota a bayanka, ka ga ko za a kawo maka gahawa.

Kuɗin dabino ma ba shi ne babbar asara ba. Ya tabbata a hadisi cewa sallah ɗaya a Masallacin Annabi (S.A.W.) ta fi sallah 1,000 a waninsa, ban da Masallacin Harami, inda aka ruwaito ta kai 100,000. Ku lissafa, ya ƴan'uwa: sallah 1,000 ita ce sallar kwana 200, sallah 100,000 kuwa ta haura ta shekara 50. Mai umra kwanakinsa ƙidayayyu ne, wataƙila 4 ko 5 a Madina, kuma da yawa ba za su sake komawa ba. Wannan lokacin nasu ne, da shanunsu da gonakinsu suka saye shi. Jagoran da ya gajarta Ƙuba ya tsawaita shago ya sayar da abin da ba nasa ba, ga wanda ba a ba shi izinin sayar masa ba. Da kuɗi kaɗai ya ci, da sai mu ce ya mayar. To azahar ɗin nan ta dattijo manomi, da me zai biya ta? Annabi (S.A.W.) yana zuwa Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa wani lokaci a kan abin hawa, kamar yadda Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya ruwaito. Wurin da Manzo ya maimaita wa zuwa shi aka bai wa minti 20.

A cikin tarihin hijira akwai abin da ya kamata kowane jagora ya sunkuyar da kai idan ya ji. Lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) da Sayyidina Abubakar (R.A.) za su bar Makka, sun ɗauki hayar wani masanin hanya daga ƙabilar Banu Dil, wanda malaman sira suka ambata da Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ. A lokacin yana kan addinin Ƙuraishawa. Suka damƙa masa raƙumansu biyu, suka yi masa alkawarin kogon Saur bayan kwana 3. Ƙuraishawa kuwa sun sa raƙuma 100 ga duk wanda ya kawo ɗayansu. Mutumin nan ya zo a ranar da aka ce, a wurin da aka ce, ya bi da su ta gefen teku har suka tsira. An yi masa tayin da ya fi ladarsa nesa, bai sayar da waɗanda suka amince masa ba. To yaya Musulmi, mai kalmar shahada, a kan wannan hanya ɗin dai, zai sayar da baƙin Allah da kwalin dabino?

Mafita ba ta da wuya. Idan ajans tana da yarjejeniya da wani shago, ta faɗa a fili tun a gida: za mu tsaya wuri kaza, minti kaza, muna samun la'ada, wanda ya so ya saya, wanda bai so ba ga kasuwa can cikin gari. Da zarar an bayyana, yaudara ta fita, kuma a sa tsayawar a bayan an gama ziyara, a lokacin da ba zai ci sallah ba. Haka direban da ke tsakanin Makka da Madina, wanda ke wuce masallatai ya je ya tsaya inda ake ba shi abinci kyauta. Matafiyi yana da rangwamen haɗa azahar da la'asar, ko magariba da lisha, amma asuba ba a haɗa ta da komi. Idan alfijir ya keto ana kan hanya, wajibi ne madugu ya tsayar da mota kafin rana ta fito, ko direba ya so ko ya ƙi. Muna kuma shaida cewa akwai jagorori na ƙwarai. Mun ga wanda ya goyi tsoho a bayansa ya hau da shi mota, mun ga wanda ya kwana a filin jirgi yana neman jakar wata baiwar Allah. Allah Ya saka musu da alheri.

Akwai wata tafiyar mota kuma da ake yawan tallata wa mutanenmu a Makka, watau a kai su Tan'im, Masallacin Nana A'isha, su sake ɗaukar ihrami su yi umra ta biyu da ta uku, kowace fita da kuɗin motarta. Wasu mazhabobi sun yarda da haka, amma wanda ke bin Imamu Malik ya sani cewa a wurinsa maimaita umra cikin shekara ɗaya makaruhi ne, kuma ɗawafin nafila ƙofarsa a buɗe take dare da rana, ba a biyan ko riyal.

Kada kuma maniyyata su ce laifin duk na jagora ne. Da ba mu da kwaɗayin shago da bai sami abin sayarwa ba. Ƙarshen Suratul Jumu'a yana ba da labarin ranar da ayarin fatake ya shigo Madina Annabi (S.A.W.) yana tsaye yana huɗuba, mutane suka watse zuwa wurin ayarin, ba wanda ya rage sai mutum 12, kamar yadda Jabir (R.A.) ya ruwaito. Idan wannan ya sami mutanen farko har aka yi musu gargaɗi daga sama, mu ne za mu amince wa kanmu? An ce a dawo mota ƙarfe 10, mutum 39 sun dawo sun zauna cikin zafi, a cikinsu akwai mai ciwon suga da mai ciwon ƙafa, shi kuwa na 40 yana can yana tayin agogo. Wannan zalunci ne, ko da mai yin sa yana sanye da ihrami. Ya nemi gafararsu ɗaya bayan ɗaya, domin haƙƙin bayi ne.

Tsaraba al'ada ce mai kyau, tana ƙara zumunci, amma ta zama kaya a wuyan mahajjata. Mutum tun bai tashi ba an cika masa aljihu da saƙonni: wannan jallabiya, wannan darduma, waccan zobe, wancan wayar hannu. Sai ka ga Hajiya ta san lungunan kasuwa fiye da ƙofofin Harami. Mafi yawan tasbahohi da dardumomin nan kuwa, duba bayansu ka gani, a Sin ko Turkiyya aka yi su, kuma irinsu suna nan jibge a babbar kasuwar Maradi. A can ga harajin ciniki na kashi 15 cikin 100 da aka sa tun 2020, ga canji: riyal 100 da ke fita daga hannu kamar wasa, ta kai jika 15 ko fiye a kuɗinmu. Sa'an nan a zo filin jirgi a tarar kaya sun wuce kilon da aka yarda, a biya tara ko a zubar, a iso gida kuma ga ƴan duwan. Ku da kuka rage a gida, ku sauƙaƙa wa matafiyi. Ku roƙe shi addu'a a wuraren karɓa, idan ya kawo dabino uku da kurɓin zamzam ku karɓa da murna.

Sarakuna biyu na ƙasashenmu na yamma sun bar mana abin lura. Mansa Musa na Mali ya yi hajji a 1324, ya kashe zinariya a Alƙahira shi da mutanensa har darajarta ta faɗi a kasuwa, amma da zai komo sai da ya ci bashi wurin fataken Masar. Askiya Muhammadu na Songai kuwa, wanda ya tashi hajji a 1496, malaman tarihin Tumbutu sun rubuta cewa ya ware kaso mai yawa na dukiyarsa ya yi sadaka a Makka da Madina, ya kuma sayi wuri a Madina ya yi waƙafinsa domin mutanen Tukururu, watau mu. Shi ma saye ya yi a Madina. Allah Ya karɓa musu baki ɗaya.

Ranar fita daga Makka ma akwai abin kiyayewa. Ɗawafin bankwana a wurin Malikiyya mustahabbi ne, a wurin wasu mazhabobi wajibi ne ga mai hajji. Malamanmu sun ce ƴar hidima mai sauƙi bayansa, kamar sayen guzurin hanya, ba ta ɓata shi, amma wanda ya zauna wani yanki mai tsawo na yini a Makka bayan ya yi shi, sai ya sake. Saboda haka a gama saye-saye da ɗaurin kaya tukuna, madugu kuma ya faɗi gaskiyar lokacin tashin mota, kada ya sa mutane su yi bankwana da asuba alhali ya san sai bayan lisha za a tashi. Ruwan zamzam kuwa, kamfanonin jirgi ba su yarda a cusa shi cikin jakar kaya ba. Abin da ake karɓa shi ne gorar nan mai lita 5 da aka rufe a masana'anta, wadda ake samu a filin jirgi. Kada wani ya ja ku shago da sunan zai samo muku fiye da haka.

Ga wanda ke shirin tafiya a bana, kafin ka ba da kuɗinka ka nemi a rubuta maka a takarda: a wane gari jirgi zai sauka, wa zai tarbe ku da lambar wayarsa ta can, mota ce ko jirgin ƙasa tsakanin Makka da Madina, nisan masauki da Harami, wuraren ziyara da lokacin da za a ba kowane, da kuma ko akwai tsayawa shago. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka neman takarda ba rashin yarda ba ne, kuma mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda bai iya karatun boko ba ya zo da ɗansa, ko ya kawo takardar masallaci bayan sallar la'asar mu duba tare. Idan kuma kun isa can, aka tsaya Ƙuba aka ce minti 20, to wani daga cikinku ya tashi da ladabi, ba da hayaniya ba, ya ce: Malam jagora, a ƙara mana, a rage daga na shago.

Allah Ya kai maniyyatanmu lafiya, Ya komo da su lafiya, Ya karɓi ibadarsu, Ya kira waɗanda ba su taɓa zuwa ba.